Baga: Tarihin Kwatar da ke Bin Ruwa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu kayan miya a kasuwannin Ikko ko Badun ko Anaca, da wuya ya rasa cin karo da kwalaye jibge, an ɗaure su tamau da igiya, maiƙo ya ɓata gindinsu, ƙamshin hayaƙi na tashi daga cikinsu. Wannan shi ne kifin banda. In ka tambayi mai sayarwa daga ina aka kawo shi, sau da yawa amsar da za ka samu ita ce Maiduguri. To, amma Maiduguri zango ce kawai, ba ta da ruwan da zai ba da kifi mai yawa haka. Kaso mai tsoka na wannan kifi, shekara da shekaru, daga Baga yake fitowa, wato wani gari da ke gefen Tafkin Cadi cikin ƙaramar hukumar Kukawa ta Jihar Barno, tafiyar kusan kilomita 200 arewa maso gabas da Maiduguri.

Mu da karatu ko aiki ya kawo mu nesa da gida muna cin wannan kifi a miya, ba tare da mun tsaya mun tambayi hanyar da ya biyo ba. Abin da muke so mu yi a nan shi ne mu bi sawun kwalin nan har zuwa kwatar da aka sauke shi. Kwata dai ita ce inda jiragen ruwa ke tsayawa su sauke kaya. Kwatar teku, irin ta Apapa, tana nan inda aka gina ta, ruwa ba ya gudunta. Ta Baga kuwa ruwanta ya sha tashi ya bar ta, ita kuma ta sha tashi ta bi shi. Tarihinta yana nuna mana abin da kasuwa ke iya jurewa da kuma abin da ya fi ƙarfinta.

Tafkin da ba ya zama wuri ɗaya

Tafkin Cadi faffaɗa ne amma ba shi da zurfi, domin a mafi yawan wurare zurfinsa bai wuce 'yan mitoci ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa kogin Shari ne da reshensa Logon ke kawo shi daga kudu, daga ƙasashen da ake tafka ruwan sama. Daga yamma kuma akwai Komadugu Yobe, wanda ke tattaro ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are. Ke nan ruwan da ya sauka a ƙasar Kano da ta Bauci, wani ɓangare nasa can yake ƙarewa. Tunda tafkin kamar faranti yake, in ruwa ya ƙaru da mita ɗaya sai ya mamaye fili mai nisan gaske, in ya ragu da mita ɗaya sai bakin ruwa ya ja baya tafiyar kilomitoci.

Wannan hali tsoho ne. Turawan farko da suka ga tafkin, wato Denham da Clapperton da Oudney, sun iso bakinsa a 1823, zamanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda ya kafa Kukawa a 1814. Barth, wanda ya iso Kukawa a 1851, ya ba da labarin yadda ruwan tafkin ya cika har ya ci garin Ngurno. Amma a farkon ƙarni na 20, da Bafaranshen nan Tilho ya zo auna tafkin, sai ya tarar da arewacinsa ya ƙafe. Shi ne daga baya ya kasa yanayin tafkin gida uku: babba da matsakaici da ƙarami. Saboda haka mutanen bakin tafkin tun kaka da kakanni sun san cewa ruwan nan baƙo ne mai zuwa yana komawa, kuma a kan wannan sani suka gina sana'o'insu.

Kanwa kafin kifi

Kafin Baga ta yi suna da kifi, kanwa ce babbar hajar da ake saukewa a wannan gefe na tafkin. Ana haƙo ta a ƙasar Kanem, gabas da tafkin, sa'an nan Buduma, mutanen tsibirai waɗanda ke kiran kansu Yedina, su ɗora ta a jiragensu su ƙetaro da ita yamma. Jiragen nan ba na katako ba ne, da wata doguwar ciyawar ruwa ake ɗaura su dami-dami har su zama kwalekwale mai tsinin baki. Daga gaɓar yamma fatake ke ɗaukar kanwar a kan jakuna da takarkarai zuwa Kano da Nufe da ƙasar Yarbawa, inda ake sa ta a miya da taba da magani, a kuma ba dabbobi. Har yau in Bahaushiya ta ce a sayo mata kanwa ungurnu, sunan garin Ngurno take ambata, ko da ba ta sani ba.

A wancan zamani ana su, amma yawancinsa na ci ne da ɗan abin da za a kai kasuwannin kusa. Dalili kuwa a fili yake. Koma ta zaren auduga ko rama ba ta daɗewa a ruwa sai ta ruɓe, kuma kifi ba kanwa ba ne da zai yi wata biyu a bayan jaki bai lalace ba. Abin da cinikin kanwa ya bar wa Baga gado shi ne hanya da tsarin ciniki: mai masauki da ke karɓar baƙo, dillalin da ke tsayawa tsakani, da sabon yin hulɗa tsakanin mutanen da harsunansu suka bambanta.

Zamanin nailan da kwalta

Abubuwa biyu ne suka mayar da Baga kwatar kifi ta sosai. Na farko shi ne zuwan komar zaren nailan wajen ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960. Wannan koma ba ta ruɓewa da wuri, ba ta da nauyi, kuma mutum biyu cikin kwalekwale ɗaya suna iya kama abin da a da sai taron jama'a. Na biyu shi ne hanya. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, aka kuma shimfiɗa kwalta daga Maiduguri ta Manguno zuwa Baga, ta yadda babbar mota za ta yi lodi a bakin ruwa ta miƙe har Kudu. A daidai wannan lokaci tafkin yana cike, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963. A ranar 22 ga Mayu 1964 ne kuma Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Cadi domin kula da ruwan da suka yi tarayya a kansa.

Da labari ya bazu, sai masunta suka yi ta kwararowa. Sarkawa da Kabawa suka taso daga ƙasar Kabi da Yawuri, wasu daga fadamun Haɗeja, Jukunawa daga Binuwai, wasu ma tun daga Mali. Suka tarar da Barebari da Buduma da Larabawan Shuwa, aka cakuɗa, Hausa ta zama harshen da ake ciniki da shi a kan ruwa. 'Yan kasuwar Kudu, musamman Ibo, suka riƙa zuwa saye, domin can ne kifin banda ya fi daraja. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsinke hanyar Gabas na ɗan lokaci, amma da aka ajiye makamai sai ciniki ya koma yadda yake, har ya fi da.

Mu ɗaliban harshe muna da wata shaida ta wannan ƙaura wadda ba sai mun buɗe kundin gwamnati ba. Mai karatu ya dubi sunayen matsugunan da ke cikin tafkin da gefensa: Dabar Masara, Dabar Wanzam, Tumbun Rago, Kwatan Turare, Doron Naira. Waɗannan sunaye ne da bakin Bahaushe ya raɗa a tsakiyar ƙasar Barno. Na ƙarshen ma ya faɗi shekarunsa da kansa, tunda sai a 1973 Nijeriya ta fara kashe naira.

Yadda ake saukar kifi

Babbar kasuwar kifin tana Doron Baga, 'yan kilomitoci daga cikin gari. Abin da zai ba baƙo mamaki a shekarun da kasuwar ke ganiyarta shi ne ƙarancin ɗanyen kifi a cikin abin da ake saukewa. Babu ƙanƙara, rana kuma tana da zafi, tsibiran da ake su a wajensu suna da nisa. Don haka a can dabar ake fede kifi, a yanka manya gunduwa-gunduwa, a lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyarta a baki, a jera a kan wuta hayaƙi ya ratsa shi har ya bushe ƙamas. Ƙananan kifaye irin su shemani kuwa a rana ake shanya su. Manyan jiragen katako masu inji su ke zagaya tsibirai suna kwaso buhuna da kwalaye, su taho da fasinja da awaki a kan kaya, su koma da gero da man fetur da gishiri da itace.

Jirgi na taɓa gaɓa sai 'yan dako su faɗa ruwa har gwiwa, kowa ya ɗauko kayan maigidansa. Kowane buhu akwai alamar mai shi, kuma kowane mai kaya akwai rumfar da zai nufa, wato rumfar fatomansa. Fatoma kalma ce da Hausawa suka aro daga Barebari, ma'anarta mai masaukin da ke sayar wa baƙo kayansa. Shi ne ginshiƙin kasuwar. Shi ke ba masunci bashin koma da ƙugiya da hatsin da zai ci a daba, bisa sharaɗin in kifi ya samu ta hannunsa za a sayar. Shi ke saukar da ɗan kasuwar da ya zo daga Anaca ko Inugu, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa in aka yi gardama. In an zazzage buhu a kan tabarma, mai saye zai ɗauki gunduwa ya karya ya shinshina, ya duba ko ƙwaro ya shiga, sa'an nan a shiga tayi da albarka har a daidaita, fatoma ya cire la'adarsa. Sau da yawa mota takan tashi da kaya ba a biya kuɗinsu duka ba, sai ta dawo. Yawancin wannan hulɗa babu takarda, da baki ake ƙulla ta, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar kowace rumfa.

A bayan masunci da fatoma akwai rundunar mutane da kifin ke ciyarwa. Akwai masu ɗaurin kwali, waɗanda gwanintarsu ita ce su danna kifi ya cika ba tare da ya farfashe ba. Akwai kafintocin jirgi da makanikan inji da masu ɗinkin koma, da 'yan kamasho da direbobi da yaransu, da mata masu tuwo da masu fura, da 'yan canji da ke musayar naira da sefa, tunda kifin Cadi da na Kamaru da na Nijar duk nan yake sauka. A can cikin ruwa kuma bulamai da lawanai su ke raba wuraren su, su karɓi abin da al'ada ta tanada. Gwamnatin tarayya ma ta kafa kwalejin koyar da aikin kifi a garin.

Kada mai karatu ya ɗauka babu aibu cikin wannan tsari. Masuncin da bashi ya ɗaure ba shi da ikon kai kifinsa inda ya fi tsada, kuma akwai waɗanda suka tsufa ba su fita daga bashin fatoma ba. Yawan banda ya cinye itatuwan yankin. Ƙwaro yana cin kaso mai yawa na kifin kafin ya isa Kudu, har wasu 'yan kasuwa suka shiga yayyafa masa maganin ƙwari na gona, abin da ke da haɗari ga mai ci. Duk da haka tsarin yana tafiya, kuma yana ciyar da dubban gidaje daga bakin tafkin har bakin teku.

Da ruwa ya tashi

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya rage ruwan Shari ƙwarai. A 1973 wani tudu da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, wanda ya miƙe daga wajen Baga zuwa Baga Sola ta ƙasar Cadi, ya fito fili ya raba tafkin biyu, kwarin arewa da kwarin kudu. Tunda Shari a kudu yake zuba, sai kwarin arewa ya zama ba ya samun ruwa sai abin da ya tsallake tudun, har ya ƙafe a 1975. Komadugu Yobe da zai taimaka masa shi ma ƙarfinsa ya ragu, ga fari, ga madatsar Tiga da aka gama a 1974, daga baya kuma ga ta Challawa a 1992. Da fari ya sake dawowa a 1984, faɗin buɗaɗɗen ruwan tafkin bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da yake a 1963 ba.

Abin mamaki, shekarun farko na farin su ne aka fi kama kifi. Ruwa ya tsuke, kifi ya taru wuri ɗaya ba shi da mafaka, har masu bincike suka ƙiyasta abin da aka kama a tafkin a 1974 ya haura tan 200,000. Wannan ganima ce ta ɗan lokaci. Bayanta kifayen buɗaɗɗen ruwa, irin su giwan ruwa da tsage da shemani, suka yi ƙaranci, waɗanda ke jure fadama da ruwa mai ɗumi, wato tarwaɗa da karfasa da gaiwa da bargi, suka maye gurbinsu. Shi ya sa yawancin bandar da muke gani a kasuwa tarwaɗa ce.

Doron Baga, wadda a da ruwa ke dukan gindinta, ta wayi gari tafkin ya yi mata nisa, sai ta hanyar ruwa da aka haƙa jirage ke isowa, wani lokaci ma sai an yi gaba da mota a tarye su. A nan ne mutanen tafkin suka nuna abin da suka gada. Masunta suka bi ruwa suna kafa sababbin dabobi a duk inda ya tsaya. Suka sake kayan aiki, suka rungumi gurar Mali, wani irin tarko mai kama da kwando, wanda in aka jera ɗaruruwansa aka datse mashigar ruwa ake kira dumba. Dumba tana kama kifi ƙwarai, ko da yake ta haddasa rigingimu, domin wanda ke bayanta ba ya samun kome. Ƙasar da ruwa ya janye ya bari kuwa sai ta zama gona mai albarka wadda ba ta bukatar taki, aka shiga noman masara da wake. Mutum ɗaya ya zama masunci in ruwa ya zo, manomi in ya koma, Baga kuma ta ƙara da cinikin hatsi a kan na kifi.

Bin ruwa ya zo da tasa matsalar, domin ruwa bai san iyakar ƙasa ba. A 1983 sojojin Nijeriya da na Cadi suka gwabza a kan wasu tsibirai. Masuntan Nijeriya kuma sun bi ruwa har Darak, suka zauna, hukumomin Nijeriya suka bi su da mulki. Kotun Duniya ta yanke hukunci a ranar 10 ga Oktoba 2002 cewa yankin na Kamaru ne, aka kuma miƙa ƙauyuka sama da 30 a Disambar 2003. Tuta ta sauya, amma kifin Darak bai daina neman kasuwar Nijeriya ba.

Abin da ya fi fari

A Afrilun 2013 aka yi artabu a Baga tsakanin sojoji da mayaƙan Boko Haram. Mutanen gari sun ce an kashe kusan mutum 200, hotunan tauraron ɗan'adam kuma suka nuna gidaje sama da 2,000 sun ƙone. A ranar 3 ga Janairu 2015 mayaƙan suka kame sansanin rundunar haɗin gwiwa da ke garin, suka yi kwanaki suna kisa da ƙone-ƙone. Ƙungiyar Amnesty ta ƙirga gine-gine fiye da 3,700 da aka lalata, mafi yawansu a Doron Baga. Waɗanda suka tsira wasu suka nufi Maiduguri a ƙafa, wasu suka faɗa jirage suka ƙetara Cadi. A ranar 7 ga Maris na shekarar bam ya tashi a kasuwar kifi ta Tashar Baga a cikin Maiduguri, wato zango na biyu na wannan ciniki.

Daga nan masunci ya shiga tsaka mai wuya. Hukumomin tsaro suka hana su da safarar kifi, bisa hujjar cewa mayaƙa na samun kuɗi da shi, har aka riƙa ƙona motocin kifin da aka kama. Mayaƙan kuma, musamman ɓangaren da ake kira ISWAP, suka mamaye tsibirai suna karɓar haraji daga duk wanda ya jefa koma. Da aka sassauta hanin a 2017, cikin watan Agusta aka kashe masunta 31 a Duguri da Dabar Wanzam. A Disambar 2018 Baga ta sake faɗawa hannun mayaƙa na ɗan lokaci. Gwamnatin Barno ta fara mayar da mutane garin a Satumbar 2020, amma a Janairun 2025 an sake kashe manoma aƙalla 40 a kusa da shi.

Asarar da ba a iya ƙirgawa da tauraron ɗan'adam ita ce ta amana. Fatoman da ya ba da bashin koma ya zama ɗan gudun hijira, wanda ya karɓa ba a san inda yake ba, ɗan kasuwar Anaca da ya shekara ashirin yana sauka gida ɗaya ya daina zuwa. Rumfa ana iya sake kafa ta cikin mako guda, amma sanayyar da ke sa mutum ya saki kayan dubban naira a kan kalmar baki, shekaru ake yi ana tara ta.

Kammalawa

An saba cewa ƙafewar Tafkin Cadi ce ta jawo duk wata masifa ta yankin, har aka yi babban taro a Abuja a 2018 a kan shawarar janyo ruwa daga kogunan Kwango. Ba mu musa cewa ruwa ya ragu ba, kuma ragowarsa ta jigata mutane. Sai dai binciken da aka buga a 2020, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa tafkin ya daina tsukewa tun shekarun 1990, har ma ya ɗan farfaɗo. Tarihin da muka bi ya nuna Baga ta rayu cikin farin 1973 da na 1984, ta sake kifi, ta sake tarko, ta sake matsuguni, motoci ba su daina lodi ba. Shekaru biyu na yaƙi, daga 2013 zuwa 2015, sun yi mata ɓarnar da shekaru arba'in na janyewar ruwa ba su yi ba. Don haka duk mai son ya ga kwatar nan ta koma yadda take, abin da zai fara nema mata shi ne masunci ya kwana a daba ba tare da fargaba ba, ya kuma kawo kifinsa kasuwa ba tare da an ɗauke shi mai laifi ba. Yadda za a yi da ruwa in ya tashi, wannan mutanen Baga sun riga kowa sani.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu, mu masu nazarin harshe da adabi. Dattawan da suka ga tafkin a cike a 1963 sun ƙaranta, kuma da yawansu hijira ta warwatsa su. A bakinsu akwai sunayen kifaye da na tarkuna, da kirarin masunta da waƙoƙin tuƙi, da labarin wanda ya fara kafa kowace daba da dalilin sunanta. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digirinsa a kai, ga fage nan a buɗe, kuma yana iya farawa daga mai sayar da banda na kasuwar da ke kusa da shi, ya tambaye shi sunan fatomansa na farko da garin da yake yanzu.